Kofunan da Na Naɗe Masa

Ina durƙushe a bakin ramin da muke gasa burodi, na kawar da garwashi daga kan murfin ƙarfe ke nan, sai oba-oba, rediyon kiranmu, da ke rataye a jikin kanya ta fara ƙara. Ƙarfe takwas ta ɗan wuce. Masu yawon ƙafa ba sa kira a irin wannan lokaci, don suna tsakiyar daji, sai tara da rabi suke zama shan shayi. Muryar tsoho Zimba ce, mai bindigar da ke shiga gaban layi. Da Nyanja ya yi magana, alhali an hana mu yare a oba-oba.

"Katongo, kai ne a kusa? Ka ce wa Bwana a turo mota mashigin tsamiya. Ɓauna ce."

Na ce, "Baƙo ne?"

"Baƙi lafiyarsu ƙalau."

Har yau ina jin kunyar wannan tambaya. Shekara goma sha tara muna cin tuwo a kwano ɗaya da mutumin, amma bakina baƙo ya fara tambaya. Haka aikin ya horar da mu.

Na ce, "To wa?"

Ina jin numfashin Zimba. Can ya ce, "Mbuyanka ne. A zo da bargo. Ba sai an yi gudu ba."

Na mayar da oba-oba inda take. Na koma bakin rami na fitar da burodin nan guda huɗu, na jera su a kan tebur, na rufe da ƙyalle don ƙuda, sannan na tafi neman Bwana, wato manajan sansani. Ban san me ya sa na tsaya fitar da burodi ba. Hannu ne ya yi abin da ya saba.

Mbuyan nawa, wato abokin wasana, sunansa Yotamu Sakala. A wani ƙauye aka haife shi, tafiyar awa biyu a keke daga Mfuwe, a ƙetaren kogin Luangwa. Ubansa maharbi ne tun kafin a hana farauta, kuma tun Yotamu yana da shekara bakwai yake bin sa daji yana riƙe masa goran ruwa. Ni Babembe ne, ɗan ƙabilar Bemba, daga Mpika na gangaro neman aikin kuku a sansanin masu yawon buɗe ido. Ranar da na iso ana cikin kafa sansani, don damina tana cinye wurin kowace shekara, sai an sake yankan ciyawa, a kafa turaku, a ɗaga tantuna daga farko. Na tarar da shi a kan tsani, dogo, siriri, da igiya a baki. Ya cire igiyar ya dube ni.

"Kai ne sabon kuku? Daga ina?"

"Mpika."

Ya juya ga sauran ya ce, "Shi ke nan. Ku je ku ƙirga biran nan tun yanzu, kafin su fara ɓacewa a tukunya."

Na ce, "Ni kuwa hankalina ya kwanta. Tunda akwai mutumin gabas a nan, ɓera ba zai kwana a sitona ba. Ba sai an sayi kyanwa ba."

Ya yi dariya har tsani ya girgiza. Tsakaninmu Bemba da mutanen gabas wasa ne tun kakanni. Su ce muna cin biri, mu ce suna cin ɓera, ba mai fushi. Mbuya muke ce wa juna. Mbuyanka zai zage ka a gaban surukanka, ya ci abincinka bai tambaya ba, ranar da ka mutu kuma shi zai wanke ka, ya haƙa maka kabari. Daga ranar nan ban ƙara jin sunana kai tsaye a bakinsa ba, sai dai mai cin biri, ko Ba Katongo, wato Malam Katongo, in yana son aron sabulu.

Sansanin tantuna biyar ne a bakin kogi, kowanne da gado mai gidan sauro da bokitin wanka a rataye a reshe. Baƙi suna da hanyarsu ta gaba mai yashi, mu muna da tamu ta baya, an kange ta da zana don kada a riƙa ganin giftawarmu. Kullum da asuba akwai mai share sawunmu daga yashi, ya bar na dorina da na kura. Baƙi daga nesa suka zo, sun biya kuɗi mai yawa don su kwana inda suke ganin ba mutane. Aikinmu mu kasance a wurin kamar ba ma nan.

Yawon ƙafa kuma yana da tsarinsa. Mai bindiga a gaba, jagora na biye, sai baƙi ɗaya bayan ɗaya, sai mai shayi a ƙarshe da jaka a baya: butar shayi, ruwa, sukari, biskit, kofunan ƙarfe shida. Jagora kaɗai ke magana. Shi ke sa riga mai ruwan ƙasa da tambari a ƙirji, shi ke zama cin abinci da baƙi, sunansa suke rubutawa a littafin yabo. Mai shayi yana hura wuta, ya miƙa kofi, ya ja gefe. A ƙa'ida matsayin mai koyo ne, shekara biyu ko uku mutum ya wuce gaba. Yotamu ya yi shekara goma sha tara a nan.

Ba don bai san daji ba. Na taɓa bin su sau ɗaya, wata rana da baƙi biyu ne kawai. Muna tafe a baya ni da shi, ya taɓa ni ya nuna ƙasa. Ni ban ga komai ba sai ƙura. Ya raɗa min cewa damisa ce, mace, ta wuce bayan raɓa ta sauka, tana ɗingisa ƙafar baya, kuma tana da 'ya'ya kusa don ba ta tsaya ko'ina ba. Na ce, "Ƙarya kake, mai cin ɓera." Bayan kwana biyu aka gan ta da 'ya'ya biyu, tana ɗingishi.

Abin da ya tsaya masa shi ne jarabawa. Kafin a ba mutum lasisin jagora sai ya zauna ya rubuta amsa da Turanci, da sunayen itatuwa irin na littafi, masu tsawo kamar addu'a. Shi aji huɗu ya yi. Sau uku ya zauna, sau uku ya faɗi. Ya ce min, "Sun tambaye ni sunan bishiyar da uwata ta haife ni a gindinta, na ba su suna uku, suka ce duk babu a takarda." Bai daina ba. Da damina, in an naɗe tantuna kowa ya koma gida, yana noman masara da rana, da yamma 'yarsa Tiyeze ta zaunar da shi a tabarma da littafin tsuntsaye. Na je na gan su. Yarinya tana riƙe da tsinke tana cewa, "Baba, sake." Shi kuma yana sakewa, kansa a ƙasa, kamar ɗan aji ɗaya. A shekara ta biyar ya iya littafin nan har inda shafi ya yage.

Amma ba a shiga jarabawa sai sansani ya rubuta maka takarda. Bayan faɗuwa ta uku, takardar ta zama sai baɗi. Manajoji uku suka zo suka tafi, kowanne da baɗinsa. A tsakanin nan samari tara suka fito daga makaranta da Turanci mai kyau, suka yi shekara guda suna ɗaukar jaka tare da shi, ya koya musu sawu da warin iska, suka ci jarabawa, suka sa riga, suka shiga gabansa. Bai taɓa zagin ko ɗaya ba. Ni nake zaginsu a madadinsa, a kicin.

Sau ɗaya ya yi magana a layi. Wani sabon jagora ya tsaya a kan sawun zaki ya ce wa baƙi na jiya ne. Yotamu ya ce, a hankali, "Na yanzu ne, ranka ya daɗe, gara mu bi ta dama." Suka bi ta dama, suka hango zakin a inuwa daidai inda za su bi. Baƙi suka yi ta zolayar jagoran, suna cewa a ba mai shayi rigar. Kafin la'asar an kira Yotamu ofis. Aka ba shi takardar gargaɗi: ya kunyata jagora a gaban baƙi. Aka ce in ya sake, ko da fito ne, a manta da maganar jarabawa.

Kwana uku bai yi min wasa ba. A na huɗu ya shigo kicin ya ce, "Mai cin biri, ba ni wayar ƙarfe." Ya lanƙwasa ta, ya zura kofunan nan shida ta kunnuwansu, ya rataye su a gefen jaka, daidai inda hannunsa zai kai in ya miƙa baya.

Na ce, "Me ke nan? Tallan kofi za ka fara?"

Ya taɓa su da yatsa, suka ce kas. Ya ce, "Hagu." Ya taɓa sau biyu. "Dama." Ya girgiza su duka. "Tsaya, ka ja baya."

Tun daga nan kofuna suka zama bakinsa. Kowane jagora ya sani, Zimba ya sani, ni na sani. Manaja bai sani ba, don babu jagoran da zai so a ji cewa mai shayi ne idonsa, kuma in an ji, za a ce Yotamu yana tsoma baki, takarda ta tafi. Baƙo zai ji kofi ya ce kas, ya ɗauka jaka ce ta motsa. Sai jagora ya ɗaga hannu, ya waiga hagu kamar wani abu ya raɗa masa, ya nuna giwa a cikin duhuwa. Baƙi su riƙe baki suna mamakin idonsa. Shekara takwas ana haka. A shekarun nan ko ƙwarzane ba a samu a yawon ƙafar sansaninmu ba, kuma ana faɗin haka a takardun talla.

Bana aka kawo sabon manaja, mutum mai fara'a, yana gaishe mu da hannu. Yotamu ya sa rigar coci ya je ya same shi a watan Yuni. Ya dawo yana taka ƙasa kamar saurayi.

"Ya ce in aka rufe sansani babu ƙorafi ko ɗaya a kaina, zai rubuta."

Na ce, "Sun faɗa a baya."

"Wannan ya dubi idona."

"Kai ma ɓera kana duban idonsa kafin ka gasa shi."

Ya yi dariya, amma ya ce, "Mbuya, shekarata arba'in da takwas. Gwiwar nan ba za ta ƙara ɗaukar jaka shekara biyar ba. Ko kaka ɗaya ce ina so in shiga gaba. In tsaya a kan sawu in faɗi abin da na gani da bakina." Ban ƙara tsokanarsa a kan wannan ba.

Ya bi watannin nan kamar mai tafiya a kan ƙwai. Ba ya makara, ba ya tari a layi. Har zuwa Oktoba, saura mako biyu a naɗe tantuna, zafi ya kai inda tsuntsaye ke buɗe baki a kan reshe. Sai aka kawo baƙi huɗu, cikinsu akwai wani dattijo mai ɗaukar kukan tsuntsaye da na'ura, yana yawo da abu a kunne. Ba mugun mutum ba ne, har ya yaba miyata. Bayan yawon farko ya ce wa manaja komai ya yi kyau, sai dai kofunan mai shayi suna ɓata masa abin da yake ɗauka.

Da sassafe washegari, ina haɗa jaka, manaja ya leƙo kicin da kansa. Ya miƙo min tsummoki shida masu tsabta.

"Katongo, ka naɗe kowane kofi daban, ka sa su can cikin jaka. Wayar nan a cire ta. Ƙaramin abu ne, ba na so ya zama ƙorafi a kan Tom." Tom suke ce masa, wai Yotamu yana yi wa baƙi nauyi a baki.

Na tsaya da tsummoki a hannu. Ina iya cewa, Bwana, kofunan nan ba kofuna ba ne kawai. Kalmomin sun zo har bakina. Amma na tuna takardar gargaɗi, na tuna saura mako biyu, na tuna Tiyeze da tsinkenta. Na ce, "To, Bwana." Na warware wayar, na naɗe su ɗaya bayan ɗaya. Na naɗe su da kyau kuwa, don ni ba na aikin ha'inci.

Abin da ya faru a daji, daga bakin Zimba da Levison na ji. Levison shi ne jagoran ranar, shekararsa ashirin da biyar, kakar aikinsa ta biyu ke nan a gaba, yaron kirki, Yotamu ne ya koya masa komai. Shi bai san an naɗe kofuna ba. Jagora yana wajen wuta tare da baƙi tun asuba, mai shayi kuma ta hanyar baya yake fitowa ya shiga ƙarshen layi bayan an fara tafiya. Ba su haɗu ba.

Sun doshi mashigin tsamiya, inda ciyawa ta fi mutum tsawo a hannun hagu. Zimba ya ce idonsa yana kan wasu giwaye a can gaba. Baƙuwar da ke gaban Yotamu ce ta ba da labarin sauran. Ta ce wasu tsuntsaye sun tashi daga cikin ciyawa, ƙanana, masu jan baki. Carki ne, wanda ba ya zama sai a bayan babbar dabba. Ta ce ta ji mai shayi ya tsaya, ta waiga ta ga ya miƙa hannu baya yana lalube a gefen jaka. Ya sake lalubawa. Sannan ya kama igiyoyin jakar ya girgiza ta da ƙarfi, sau biyu. Ta ɗauka ƙudan tsando ne ya cije shi. Ta ce ya buɗe baki ya rufe.

Levison kuwa yana ta tafiya, ya kai su har bakin ciyawar. Da ya zo wurina daga baya, ya zauna a kan buhun gawayi, ya ce, "Ba Katongo, na ga ciyawar. Wallahi na gan ta, raina bai so ta ba. Na rage tafiya ina saurare. Ban ji komai ba. Na ce tunda Baba bai taɓa kofi ba, hanya lafiya."

Tsohon bijimin ɓauna ne, irin wanda garke ya kora, da tsohon rauni na tarkon waya a ƙafa. Ya fito daidai tsakiyar layi, kan dattijon mai na'ura, wanda kunnensa ke toshe. Zimba ya juya, baƙi uku suna tsakaninsa da dabba, ba halin harbi. A nan Yotamu ya yi magana. Zimba ya ce bai taɓa jin muryarsa haka ba. Ya fita daga layi, ya cire jaka ya jefi bijimin a fuska, yana daka masa tsawa da Nyanja kamar mai korar akuya daga gona. Bijimin ya bar baƙo ya juya kansa. Zimba ya yi harbi biyu, na biyun ya kayar da shi, amma ya riga ya gama da Yotamu.

Taku goma sha biyar ne tsakanin inda carki ya tashi da inda Levison ya kai su. Na je na auna da ƙafata. Da ya yi kira tun a taku na farko, da sun ja baya, da yanzu yana gida yana noma, ba takarda. Taku goma sha biyar ɗin nan ya ɓata yana neman yadda zai yi magana ba tare da ya yi magana ba. Shekara takwas aka yi ana koya masa wannan.

Da aka kawo jakar kicin, butar ta lotse, biskit ya zama gari. Kofunan ba abin da ya same su. Ko fenti bai ɓare ba.

Ranar nan da yamma an ci abinci ƙarfe bakwai kamar kullum. Manaja ya ce baƙi sun firgita, a yi musu abu mai sauƙi, na yi miyar kabewa da burodin safe. Mai kai abinci ya ce sun yi shiru na minti ɗaya, sun ɗaga kofi don Tom. Dattijon ya yi kuka sosai, ya tambaya ko akwai abin da zai yi. Ba wanda ya gaya masa maganar kofuna, ni ma ban faɗa ba. Washegari aka share yashi. Bayan kwana biyu jirgi ya kawo wasu baƙin, aka ba mai wanki jaka ya shiga ƙarshen layi. A rahoton da aka rubuta an ce mai shayi ya fita daga layi. Gaskiya ne, ya fita.

An ba ni kwana uku in je jana'iza. Aikina ne, ni ne mbuyansa. Ni na wanke shi, tare da wasu Bemba biyu da ke aiki a Mfuwe. Ba zan faɗi abin da na gani ba. Muna cikin haka motar sansani ta tsaya a ƙofar gida. Manaja ya fito da buhun garin masara da wani abu a leda. Ya durƙusa gaban Esnati, matar Yotamu, ya yi ta'aziyya yadda ya kamata. Ya buɗe ledar. Riga ce mai ruwan ƙasa, sabuwa, da tambari a ƙirji. Ya ce a wurinsu Tom jagora ne, suna so a binne shi da ita.

Esnati ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya. Ta shigo ɗaki ta miƙa min. A saman aljihu an ɗinka suna da farin zare, haruffa uku.

Na kira ta Amai, wato uwa a yarensu, na ce, "In sa masa?"

Ta daɗe tana kallon rigar. Ta ce, "Shekara nawa yana auna ta a baki. Sa masa. Amma ka cire wannan sunan, ban san mai shi ba."

Na zauna a bakin gado da reza ina tsinke zaren. Na sa masa, na ɓalla maɓallai har wuya. Ta yi masa yawa a kafaɗa. Takardar kuwa ban gan ta ba, ban kuma tambaya ko an taɓa fara rubuta ta ba. Tiyeze ce ta tambaya, a gaban mutane, da Turancinta mai kyau. Manaja ya ce niyya tana nan, ƙarshen wata ake jira.

A jana'izar mutanen gabas, mu Bemba ne masu wasa. Mu shafa wa dangin mamaci garin masara a fuska, mu tsare hanya, mu zagi gawa, mu ce ya gudu ne don ɓeraye sun ƙare. Ana yi ne don kada kuka ya kashe masu rai. Sauran biyun suna ta yi, mutane suna dariya da hawaye. Ni na tsaya a bakin kabari da shebur, bakina ya ƙi buɗewa. Wata tsohuwa, gwaggonsa, ta dungure ni da sanda.

"Kai wane irin mbuya ne? Ɗana yana kwance yana jira a zage shi, ka tsaya kamar turke. Ko birin ne ya maƙale maka a wuya?"

Na buɗe baki don in ba ta amsa. Abin da ya fito shi ne, "Mama, ni na naɗe kofunan."

Ba ta gane ba. Ba wanda ya gane sai Zimba da Levison, su kuma suka dubi ƙasa. Ta ɗebi gari daga hannun wani ta shafa min a fuska, abin da ni ya kamata in yi mata. Ta ce, "To naɗe bakinka ka haƙa."

Ba zan koma sansani baɗi ba. Na samu wurin toya burodi a Mpika. Wayar da ya lanƙwasa tana wurina, da na warware ta ranar nan a aljihu na sa, na manta, sai a wajen wanki na same ta.

Kullum ina komawa safiyar nan. Gari bai gama wayewa ba, dorina suna komawa ruwa, ya shigo ta hanyar baya yana ɗaure igiyar takalmi. Ya ɗaga jaka ya saɓa, ya miƙa hannu baya kamar yadda ya saba, bai taɓa komai ba. Ya sauke ta ya buɗe, ya ga tsummoki. Na gaya masa abin da Bwana ya ce. Ya ɗauki kofi ɗaya a naɗe, ya juya shi a hannu.

"Mai cin biri, ka ɗaure min baki."

"Yau ɗaya ka yi shiru, duniya ta huta."

"Ka ɗaure shi da kyau kuwa. Kamar mai goyon jariri."

"In kwance ɗaya? Ba wanda zai duba."

Ya yi tunani. Ya dubi wajen wuta, inda muryar baƙi ke tashi. Ya mayar da kofin ya ja igiya.

"Bari. Saura mako biyu. Ba zan zubar a bakin ƙofa ba."

"Levison fa?"

"Yana wajen baƙi. In mun zauna shan shayi zan ja shi gefe."

Ya saɓa jakar, ya yi tsalle kaɗan a wuri ɗaya don ya ji. Shiru. Ya yi murmushi, ya kai ƙofar zana, ya waigo.

"Ka ajiye min ɓawon burodi, mai ƙuna ɗin."

Na ce, "In ka dawo min da kofunana shida cif."

Ya ce, "Shida cif, mbuya."